Gashin Kaza a Bakin Mai Jan Baƙi

Da sunan Allah nika farawa, Shi da ya saukar da ciwo ya saukar da magani, ya kuma halicci tsohuwa mai taurin kai irina.

Sunana Kulu. A Kebbe aka haife ni, a Kebbe na tsufa. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi sallah da shi. Balki, matar jikana, ita ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, don haka in kun ga Hausar ta gauraya, bakina ne da hannunta. Na ce mata kada ta tausaya mini ta tsallake wani wuri. Yaran gidanmu sun san ni da tatsuniya, irin wadda in an gama kowa ya tashi ya kaɗe zanensa. Wannan kuwa an gama ta, amma har yau ban iya kaɗe ta ba.

Ni ungozoma ce. Da yawa daga matan unguwarmu ni na yanke musu cibi, ita Balkin ma haka. Ban da haihuwa, ana kawo mini mai ƙuna, da mai maruru, da wanda lauje ya sara. Hannuna ya saba da abu guda. In na buɗe ciwo na ga wani abu fari-fari ko rawaya-rawaya kwance a ciki, hankalina ba ya kwanciya sai na fitar da shi, na wanke wurin da ruwan bagaruwa mai ɗumi. Mutane da yawa sun warke a haka. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin ya tsaya.

Jikan nawa sunan marigayi maigidana aka sa mashi, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunan ba, Maisuna nika ce mashi. Balki ma ba ta faɗin sunan miji. Ga mu mu biyu a ɗaki muna rubuta labarin mutum, ba mai iya ambatarsa. Mutanen gari kuwa Alaramma suke ce mashi. Uwarsa ɗiyata ce, ta rasu yana goye, ni na yaye shi, ni na kai shi makarantar allo da hannuna. Allah ya ba shi hadda da murya. Shekara fuɗu a jere shi ke jan baƙi a tafsirin azumi na masallacinmu, wato shi ya karanto aya, Malam Babba ya fassara wa jama'a. In la'asar ta yi muryarsa ta fito ta lasifika, ko daka nika yi sai na jingine taɓarya. Ba albashi ake ba shi ba, ba rawani aka naɗa mashi ba. Amma wata goma sha ɗaya yake yi yana noma yana jiran watan nan guda.

To, ana nan, cikin watan Cika-ciki, damina ta zauna, ya hau babur ya tafi Tambuwal sayo taki. A hanyar dawowa akuya ta gitta mashi, ƙasa da santsi, ya kifa da baki a kan ƙarfen babur. Haƙoran gaba biyu na sama suka karye, guntayensu suka tsaya cikin dasashi. A Tambuwal aka ɗinke mashi leɓe, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce haƙoran kam sai Sakkwato. Kawunsa Bello, ɗana, wanda ke aiki a sakatariya can Tambuwal, ya ce a wuce gobe-gobe. Ni na ce a bari kumburi ya saɓe, ga noma na biyu bai ƙare ba. Wannan shi ne jinkiri na farko, kuma nawa ne.

Mako na farko da na biyu masu dubiya suka cika gida, kowa da maganinsa a baki. Ƙanwata ta aiko daga Sanyinna da kanumfari da saiwar wani itace. Wani maƙwabci ya ce a ɗiga ruwan batir a kan guntayen, su mutu. Wannan kam na ƙi. Wanzami ya ce a ba shi rabin yini ya tumɓuke su, Maisuna ya ce ya gode. Muka tsaya a kan kanumfari da ruwan gishiri.

A mako na uku ya ɗauko Alƙur'ani bayan asuba ya gwada. Ina tsakar gida ina jinsa. Iska na kuɓuce mashi ta giɓin, wasu haruffan suna fita da fito kamar mai kiran kare. Ya maimaita aya guda sau uku, sannan na ji ya rufe. Da ya fito ya ga fuskata sai ya yi dariya, ya rufe baki da hannu.

"Tsohuwa, yanzu mun zama daidai. Ke wawulo, ni wawulo. Sai a sanya ranar biki."

Na ce mashi ni ba ni auren mai giɓi, ina da masu nema. Muka yi dariya. Amma daga ranar ko sallar magariba ta cikin gida ya bar ja, sai ya tura wani gaba.

Kwanci tashi har mako na shida. Wani ƙurji ya fito a saman dasashin, yana fashewa yana komawa. Sannan muka kama hanya, ni da shi da Balki. Muka kwana gidan Bello a Tambuwal, da safe muka shiga bas ta Sakkwato mu fuɗu. Wanda bai zauna a bencin asibiti ba bai san tsawon yini ba. A yanki kati, a koma can a biya, a dawo nan a jira, a ce mai kiran suna ya tafi sallah. Ranar farko layi bai kai kanmu ba. Rana ta biyu aka ɗauki hoton bakin, muka ga likita.

Mace ce, 'yar siririya, da gilashi, Hausarta irin ta rediyo. Ta ɗaga hoton ta nuna mana. Ta ce guntayen dole su fita. Ta ce ƙashin da ke riƙe da su ya tsage ya yi siriri, ciwon da ya zauna kuma ya ƙara cinsa. Za ta cike ramin, a jira wata uku ƙashi ya tofo, sannan ta dasa 'yan ƙusoshi biyu a ciki, a sake jira su kama, sannan a ɗaura haƙora a kansu. Bello ya tambayi kuɗi. Balki ta tambayi abinci. Maisuna tambaya ɗaya ya yi, ko zai kai azumi. Likita ta juya ga kalandar bango ta bi ta da yatsa, ta ce in komai ya tafi daidai zai sami haƙoransa kafin a ga wata, amma babu rarar ko mako biyu a ciki.

Muka koma gida aka sayar da bijimin da yake kiwo. A watan Mauludi muka dawo ranar aiki.

Nan ne na yi abu na biyu. An bar ni na shiga ɗakin. Ina tsaye sai na ga malamar asibiti ta ɗaure mashi damtse, ta soka allura, tana cika wasu 'yan kwalabe da jininsa. Ɗaya, biyu, uku, fuɗu. Mu kuwa a ƙauye mun sha jin labarin inda jinin mutane ke tafiya. Na ce haƙori muka kawo, mi ya haɗa haƙori da hannu? Likita ta ja kujera ta ce, "Kaka, zauna in nuna miki abin da za mu yi da shi." Na ce mata na ga jini tun ba a haifi uwarta ba, ba ni da abin da za a nuna mini. Na ja mayafina na fita, na zauna gindin wani dogon yaro ina huci. Abin da aka yi da jinin ban gani ba. Abin da aka ce a yi da wanda aka hana ban ji ba. A cikin mota Balki ta fara mayar mini da bayanin, na ce mata na ji, na juya fuska ga taga.

Da muka iso gida sai jinya ta koma hannun Balki, ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya. Na dama koko da zafinsa, ta ce sai ya huce sarai. Na ɗora ruwa zan gasa mashi kunci da tsumma, ta ce likita ta hana. Na kawo ruwan gishiri ya kurkure, ta ce ba yanzu ba, ko tofar da yawu da ƙarfi an hana. Da ladabi take faɗa, tana durƙushe. Amma ni abin da nika ji a raina shi ne, yarinyar da na yanke wa cibi ita ke koya mini jinya.

Rana ta fuɗu, bayan azahar, Balki ta tafi gaisuwar rasuwa a unguwar iyayenta. Na kai mashi fura a ɗaki. Yana kishingiɗe, leɓen a kumbure. Na ce buɗe in gani. Na ɗaga leɓen da yatsa, na juya kansa wajen hasken ƙofa. Tsakanin baƙaƙen zaren ɗinki sai ga wani abu kwance, rawaya-rawaya, fari-fari, ya cika ramin. Abin da na yi shekaru ina fitarwa daga jikin mutane, ga shi a bakin jikana, an ɗinke shi a ciki.

Na ce mashi mugunya ce. Ya girgiza kai, ya ce da ƙyar, likita ta ce a bar shi, daga jininsa aka yi shi, shi ne maganin. Na ce jini ja ne, tun da Allah ya yi duniya ban ga jini rawaya ba. Na fita na tafasa bagaruwa, na kama kaza na fizgi gashi guda a fiffikenta, na wanke shi, na dawo da tsinke da tsumma mai tsabta. Da na kai hannu sai ya riƙe mini wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba.

"Inna, don Allah. Ki bari Balki ta dawo."

"Hannun da ya yaye ka kake riƙewa?"

Ya dube ni. Sannan ya saki, ya rufe ido, ya buɗe baki.

Balki, rubuta wurin nan yadda na faɗe shi. Bai yarda da ni ba. Ya san ba daidai nika yi ba. Kunyata ya ji.

Abin bai fita da sauƙi ba. Mugunya takan bi ruwa ta tafi, wannan kuwa ya kama, yana miƙewa kamar tantani. Da ina da hankali da nan na tsaya. Sai na sa tsinke na jawo shi, zare guda ya warware. A bayansa wasu 'yan farare-farare suka biyo, kamar tsakin gero. Na ce mashi ka gani, har yashin hanyar Tambuwal suka bari a ciki suka ɗinke. Na dinga tsoma gashin kazar a ruwan bagaruwa ina sharewa, har jini ja ya fito. Hawaye na gangaro mashi ta gefen ido. Ni kuwa raina fari. Na tara abin a murfin kwano na ajiye, don in nuna wa Balki irin aikin likitocinta.

Da ta dawo na miƙa mata murfin. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye, da mayafinta da komai. Ta ɗauko waya za ta kira Bello, Maisuna ya yi mata alama da hannu ta bari.

Kwana biyu a tsakani ciwo ya taso. Ba irin na farko ba. Yana harbawa daga dasashi har cikin ido. Kuncin ya haye, baki ya fara wari, zazzaɓi ya rufe shi. Mutumin da ko faɗuwar babur ba ta sa shi nishi ba, na same shi ya dafa bango da goshi. Muka sake kama hanyar Sakkwato, kowane rami motar ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina.

Likita ta duba bakin ta daɗe. Ta ajiye madubinta ta tambaya wa ya taɓa wurin. Bello bai san kome ba, yana duban kowa. Balki ta sunkuyar da kai. Ni bakina ya yi nauyi kamar an ɗora mashi dutsen niƙa. Sai Maisuna ya ce shi ne. Ya ce ƙaiƙayi ya dame shi, ya kasa haƙuri, ya kurkure da ruwan zafi.

Likita ta sa hantsaki ta ɗauko wani ɗan siririn abu daga ramin, ta ɗaga shi ga fitila.

"Alaramma, da gashin kaza kake kurkure baki?"

Ya ce e.

Ta dube shi, sannan ta juyo ta dube ni ta saman gilashinta. Na dubi ƙasa. Mutumin da Alƙur'ani ke cikin ƙirjinsa ya yi ƙarya sau biyu a gabana domina, ni kuwa ina ƙirga layin siminti.

Tunda ya ce shi ne, shi ta yi wa faɗa. Bello ma ya ɗora nasa, ya ce an sayar da sa guda saboda bakin nan. Likita ta ce abin da ta sa ya fita duka, ƙashin ya zauna a buɗe, ciwo ya shige shi. Sai ta wanke, ya sha magani mako uku, sannan a sake aikin daga farko, kuma wannan karon wata fuɗu za a jira. Bai tambaya ba, amma ta ba shi amsa. Ta ce azumin bana ya cire shi a ransa.

Da ya sami sauƙin zazzaɓi ya tafi wurin Malam Babba da kansa, ya faɗa mashi abin da ya faɗa wa likita. Malam ya ba wani almajirinsa jan baƙin, Malam Nasiru, mutumin wajen Fakku.

Ranar aiki na biyu ban fita ba. Shinkafar da muka so ajiyewa sai ta yi daraja, ita aka kai kasuwa. Na zauna a kujerar da na ƙi a da. Aka sake cika kwalabe fuɗu. Malamar ta jera su cikin wani inji mai kamar tukunya da murfi, ya kama juyi yana ƙugi. Da aka buɗe sai na ga jinin ya rabu. Ja ya kwanta a ƙasa, ruwa-ruwa ya hau sama, a tsakiya kuwa ga wani curi rawaya kamar kitsen kaza. Likita ta kamo shi da hantsaki, ta datse jan da ke gindinsa, ta danne shi ya zama tantani. Ta kira shi da wani suna na Turanci, Balki ta ce Fi-ar-ef ne. Likita ta ce duk abin da jiki ke aikowa bakin ciwo don ya haɗe shi, shi ne aka tattara wuri guda, aka kai mashi har gida. Farare-fararen nan kuwa da na kira yashi, garin ƙashi ne da take cuɗawa da shi, don sabon ƙashi ya sami abin bi.

Ta kawo curin kusa da fuskata.

"Kaka, kin taɓa ganin irinsa?"

Na ce na taɓa. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ta gyaɗa kai.

Na ga yaron ya rame, ga jini ana ta ɗiba. Na naɗe hannun rigata na miƙa mata, na ce ta ɗebi nawa, ko nawa take so. Ta riƙe hannun ta mayar mini da shi a hankali, ta ce nawa ba zai yi mashi ba, nasa kaɗai jikinsa ya sani. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar ranar ba. Abin da na ɓata, ko da jinina ba zan iya biyansa ba.

Da ta gama ɗinki, ba Balki ta yi wa bayani ba, ba Bello ba. Ni ta fuskanta. Ta ce zan ga wurin ya yi fari ko rawaya, ba ruɓa ba ce. Ta ce ruɓa tana zuwa da wari da zazzaɓi da ciwo mai ƙaruwa, in an ga haka a kira ta, kada a taɓa. Ba ruwan zafi, ba gashi, ba asuwaki a wurin, ba tsinke. Ta sa na maimaita kamar mai biya allo. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, ya rufa mata asiri yadda ta rufa mini. Benci da layi da kuɗin mota sun ci mu, wannan ba zan fasa faɗa ba. Amma ita ba ta ci mana kome ba, mu muka ci mata aiki.

Wannan jinyar na yi ta da ido. Koko ya huce, na kai. Kwana uku wurin ya yi rawaya kamar wancan, hannuna har ƙaiƙayi yake, sai in fita in kama tsinkar zogale. Kwana goma rawayan ya fara komawa ja-ja mai kyau, nama na rufowa daga gefe. Mako biyu aka cire zare. Ba wari, ba zazzaɓi. Ashe abin da ya kamata in yi tun farko bai wuce in zauna ba.

Azumi ya zo. La'asar ta farko lasifika ta buɗe da muryar Malam Nasiru. Karatunsa ba laifi, ba zan zalunce shi ba. Maisuna ya yi alwala, ya ja rawani ya rufe baki, ya tafi ya zauna a sahun baya kamar kowa. Haka ya yi kwana talatin, bai fasa ko ɗaya ba. Ni kuwa in an fara sai in shige ɗaki in ja ƙofa, amma lasifika ba ta san ƙofa ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka dasa ƙusoshin. Bayan Layya aka ɗaura haƙoran. Wanda bai sani ba ba zai ce ba da su aka haife shi ba. Asubar da ya dawo ya buɗe Alƙur'ani, karatu ya fito tas, ba fito, ba iska. Na zauna a bakin murhu na yi kuka.

Da nan labarin ya ƙare da na ce Allah ya rufa asiri. Amma duk tsawon watannin nan ban faɗa wa kowa ba. Ba Bello ba, ba Malam Babba ba. In faɗi gaskiya, tsoro nika ji kada mata su ji Kulu ungozoma ta ɓata bakin jikanta, a bar kirana. Na ce a raina ai ya warke, wurinsa zai dawo mashi da kansa.

Sai cikin watan nan na azumin tsofaffi, na tafi wankan jariri gidan Malam Babba. Uwargidansa tana zuba mini ruwa muna hira, ta ce Malam yakan ce muryar Alaramma ta fi, amma mutumin da ya kasa haƙurin kwana fuɗu a kan abin da aka hana shi, da wuya a jingina mashi abin jama'a. Jaririn na hannuna, saura kaɗan in sake shi.

Ban koma gida ba. Na nemi iso, na durƙusa a bakin zauren Malam, na faɗa mashi duka, har gashin kaza, har riƙon hannu. Ya daɗe yana jan tasbaha.

"Kulu, da Mauludi ya kamata ki zo. Na riga na ba Nasiru magana, bana ma shi ne, kuma a gaban mutane na ba shi. Ba ni warware ta."

Ya ce zai kira Alaramma ya nemi afuwarsa a kan zaton da ya yi mashi. Na baɗi kuwa, ya ce yana hannun Allah, in muna cikin masu rai.

Shekara guda hannuna ya ci mashi. Ta biyu bakina ya ci mashi.

Na iske Maisuna yana gyaran mangala na faɗa mashi inda na fito. Ya ce wa ya aike ni. Sannan ya ce tun ranar asibiti, duk sa'ad da ya buɗe Littafi sai maganar da ya faɗa wa likita ta tsaya mashi a gaba, yau kam na sauke mashi ita. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun lokacin da ya saki hannuna, kuma shi ma da nasa laifin, tunda ya sani ya buɗe bakin. Wannan ban karɓa ba. Ni na san da wace magana na buɗe shi.

To, 'yan'uwana tsofaffi, masu jinyar 'ya'ya da jikoki, saboda ku na sa a rubuta wanga abu. In likita ya ja kujera ya ce ki zauna ya nuna miki, ki zauna. In kika ga fari a bakin wanda aka yi wa aikin dasashi, kada ki kai hannu, ki tambaya. Kada kuma ki ɗauko nonon da kika ba yaro ko goyon da kika yi mashi ki tsare shi da su, don ba zai iya ƙi ba. In kuwa kin riga kin yi ɓarna, ki faɗa tun ranar. Balki, ki sa sunana a fili, Kulu ungozoma ta Kebbe. Wadda za ta fasa kirana ta fasa.

Ɗazu muna cikin rubutun nan ya leƙo, zai tafi masallaci, yau yake taya Malam Nasiru bitar inda za a fara. Ya tambayi mi muke ƙullawa mu biyu. Balki ta rufe takarda da hannu. Sai ya durƙusa a gabana ya wangale baki, fararen haƙoran nan biyu suna ƙyalli.

"Likita Kulu, a duba mini, ko akwai abin cirewa?"

Na mai da hannuwana baya na haɗe su. Na duba da ido, na daɗe ina dubawa. Na ce mashi babu, tashi ka tafi kada ka sa mutumin jira.